Genzo na Zaure da Ranar Jan Silifas

Ƙarfe shida na safe, ko ruwa ake yi ko dusar ƙanƙara, kuma a garinmu Kanazawa da wuya a rasa ɗayan biyun, za ka ji kukan kekensa a kan gadar katako. Keken ya girmi ɗan mai gidan abincinmu, ya kuma fi shi jin magana. Zai jingine shi a bayan ɗakin girki, ya sa shuɗiyar rigar aikinsa, ya ɗebo ruwa a bokiti ya wanke dutsen zaure. A durƙushe yake wannan wanki, da tsumma, kamar mai yi wa jariri wanka. Daga nan ya jera silifas ɗin baƙi, masu ruwan ƙasa, kowanne hanci na kallon cikin gida, tsakanin wannan da wancan yatsa biyu. In ya gama sai ya zauna a kan 'yar tsugunnonsa a gefen kantar takalma, ya buɗe jarida shafin yanayi. Shi kaɗai yake karantawa. Sauran shafukan na cusawa ne a cikin jiƙaƙƙen takalmi.

Wannan shi ne Nishide Genzo, wanda unguwa ta sani da Gen-san. Shekara arba'in da uku ya yi yana tsaron takalma a gidan abincinmu da ke bakin kogin Asano, kuma a ƙarshen shekarar da ta wuce ya ajiye aiki. Ni sunana Fusae, ni ke kai wa baƙi abinci. Shekara ashirin da shida muka yi tare da shi, rabinsu a faɗa, domin ni mai baki ce shi kuma mai shiru ne, kuma babu abin da ke ƙona wa mai baki rai irin ta yi ta zuba a bar ta ita kaɗai.

A wasu gidajen in ka cire takalmi a zaure sai a miƙo maka ɗan katako mai lamba. Gen-san bai taɓa riƙe irin katakon nan ba. Zai dubi ƙafarka sau ɗaya, ya dubi fuskarka sau ɗaya, shi ke nan. Ka ci ka ƙoshi, ka sha har ka manta sunan garinku, kana saukowa za ka tarar da takalminka a kan dutse, an goge shi, an juya hancinsa yana kallon ƙofa. In lokacin sanyi ne za ka ji shi da ɗumi, don yana ajiye kusa da garwashi tun kana kan miya.

Amma riƙe takalmi ƙaramin aikinsa ne. Babban aikin shi ne gulma, ko da yake shi ba ya kiranta haka. Baƙi na hawa sama, sai ya yafito ni da yatsa.

"Fusae, mai ruwan tokar nan gwiwarsa ta hagu ba ta da lafiya. Ki kai masa kujera, kar ki jira ya roƙa, ba zai roƙa ba."

"Ya gaya maka ne?"

"Diddigensa ya gaya mini."

Wata rana kuma ya ce in rage gudun kawo abinci a ɗaki na uku, miji da matar sun yi faɗa a mota. Na ce a ina ya sani. Ya ce matar ta ajiye takalminta nesa da na mijin, har da tura shi da ƙafa. Da suka tashi tafiya matar ta sauko da fushinta, mijin na biye da nasa, sai Gen-san ya sunkuya ya ce su gafarce shi, takalman ba su gama bushewa ba, su ɗan zauna a dakali. Ya ba su bargo ɗaya su rufe ƙafa. Akwai bargo shida a cikin akwatinsa, ni na wanke su. Ranar ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Bayan minti goma suka fita a ƙarƙashin laima ɗaya, ita ma shi ya ba su, wai ko da hadari zai taso.

Akwai aljihun tebur ɗinsa na ƙasa, cike da sababbin safa. Mai dafa kifinmu ya shaida da idonsa ranar da wani babban malami ya zo da ɗalibansa, ya cire takalmi, sai ga babban yatsa ya leƙo ta yagaggiyar safa yana gaida jama'a. Kafin ɗalibi ɗaya ya sunkuyar da kai, Gen-san ya riga ya tsaya tsakani da faffaɗan bayansa, yana ta surutu kan yadda ruwan bana ya ɓata furanni. Da ya matsa, malam na sanye da safa sabuwa fil, yana kallon rufi.

Baƙin ƙasashen waje kuwa, tun da jirgin ƙasa mai gudu ya iso garin nan suka cika mu. Su je su ga lambu, su ɗauki hoto a layin tsofaffin gidajen shayi, su shigo mana da yunwa da manyan ƙafafu. Gen-san bai san ko kalma ɗaya ta yaren kowa ba. Wani dogo ya taɓa ɗaga ƙafa da takalmin hawan dutse zai taka katakon da ake gogewa tun kakar mai gidan tana amarya. Gen-san dai ya miƙa hannu biyu a ƙarƙashin takalmin, ya tare shi a sama, ya ɗago kai yana murmushi kamar an ba shi kyauta. Dogon ya tsaya da ƙafa ɗaya yana rawa, sannan ya gane, ya fashe da dariya. Har yau yana aiko masa da kati duk sabuwar shekara, kuma har yau ba mu san abin da yake rubutawa ba.

Ni ma ban tsira ba. Shekarata ta biyu a gidan ya ce mini in daina ɗaukar babban faranti, in bar wa wasu. Na ce shi wane ne da zai raba mini aiki. Ya ce igiyar takalmina ta saki ta gefe biyu, ƙafa ta fara kumbura. A lokacin ko mijina bai san ina da ciki ba. Na yi sati ban gaishe shi ba, amma na daina ɗaukar farantin.

Gen-san ba shi da gida na kansa, matarsa ta rasu da daɗewa, bai tara komai ba. Dukiyarsa a duniya magana ɗaya ce da ake yi daga bakin kogi har kasuwar kifi: Gen-san bai taɓa kuskure ba. Direbobin tasi sun san ta. Tsofaffin baƙi suna kawo jikokinsu don su gani. Kuma wannan maganar ce kaɗai ta tsaya tsakaninsa da akwatunan ƙarfe.

Akwatunan sun shigo ne tare da Yoshiki, ɗan Okami-san, matar da ta mallaki gidan, da ya dawo daga Tokyo da takardar digiri da wani littafin talla mai hotuna. Akwatuna ne masu makulli, kowane baƙo ya kulle takalminsa ya riƙe mabuɗi. Ba mugun yaro ba ne, kawai dai yana ganin duk abin da ya girme shi ya kusa lalacewa.

"Mama, mutumin nan shekararsa saba'in da huɗu," ya ce a gabanmu. "Wata rana zai ɗauki takalmin direba ya ba ubangidansa, mu kwana a bakin gari."

Okami-san ba ta ɗago daga furen da take gyarawa ba. Ta ce, "Ranar da ya yi haka, ka kawo akwatunanka."

Daga zaure muka ji muryar Gen-san, wanda kowa ya ɗauka ba ya ji. "Na yarda, ƙaramin maigida. Ranar da na yi, ba sai an ce in tafi ba."

Tun daga ranar Yoshiki ya tare a bakin zaure kamar mage a kusa da kwandon kifi. Da aka yi taron tunawa da wani mamaci, maza talatin da biyu suka zo, kowa da baƙin takalmi iri ɗaya, rabinsu a shago ɗaya suka saya. Gen-san na zagayawa, Yoshiki ya lallaɓa ya musanya ƙafa biyu a kanta. Ina kallonsa ta bayan labule. Aka tashi, mutum talatin da biyu suka zura ƙafa, babu wanda ya ce uffan. Bayan sun tafi Gen-san ya ce, yana goge dutse, "Ƙaramin maigida, a riƙa rufe ƙofar baya. Wata mage ta shigo ta taɓa mini kanta. Mage ce mai turaren Tokyo."

To, sai ranar jan silifas. Saboda ita na ɗauki alƙalami, kuma na san in ya ji zai daina gaishe ni. Ina dai da rufin asiri ɗaya, ba a buga wannan a shafin yanayi ba.

Watan Nuwamba ne, farkon lokacin cin ƙaguwa, da rana. Wani tsohon gida na masu aikin zinare suka kama ɗaki. Jikansu yana son ya auri wata ma'aikaciyar jinya 'yar Mongoliya, wadda ta yi jinyar kakansa har ya cika. Kowa a gidan ya yarda sai tsohuwa, matar marigayin, kuma a gidan nan in tsohuwa ba ta yarda ba to ba a yarda ba. Ta ce ita ba ta da ta cewa sai ta ga uban yarinyar, ta ga yadda yake cin abinci. Uban makiyayi ne, bai taɓa barin ƙasarsu ba, ya hawo jirgi ya zo.

Kwana uku 'yar tana koya masa. Kar ya soka tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa. Kar ya zuba wa kansa abin sha. Kar ya fyace hanci a gaban mutane. Komai aka ba shi ya karɓa da hannu biyu. Ya rubuta duka a 'yar takarda ya ɓoye a hannun riga, ina ganinsa yana leƙawa kamar ɗalibi a jarrabawa. Ƙaton mutum ne, fuska ta sha rana, da ƙyar rigar kwat ta rufe ƙirjinsa.

Gen-san ya dubi takalmin tsohuwa ya ce mini ba za ta iya zama a tabarma ba, a kai su ɗakin kujeru. Ɗakin nan daɓen katako ne, ana shiga da silifas, kuma mayafin tebur gajere ne, ƙafar kowa a fili.

Har zuwa ƙaguwa komai ya tafi daidai. Makiyayin bai soka ba, bai zuba ba, bai fyace ba. Sai ya nemi izini ya zagaya. Ina shigowa da shayi ya dawo a gabana, yana takawa a hankali cikin natsuwa, ya zauna ya gyara kwat. A ƙafarsa jan silifas ne, wanda ba ya wuce bakin ƙofar ban ɗaki, an rubuta BAN ƊAKI a kan kowanne da farin fenti, manya-manya. Ko mu 'yan gari mukan manta mu fito da shi, sai dai mu a gidajenmu muke mantawa, ba a gaban surukai ba.

Saurayin ya gani, ya ƙware. Uwarsa ta gani, ta kama kallon rufi kamar yau aka gina shi. Yoshiki, da ya shigo da kansa don girmama manyan baƙi, ya daskare da kwalba a hannu. Yarinyar kuwa jini ya bar fuskarta. Ba ta da halin yi wa ubanta magana da yarensu, domin duk kalmar da ta faɗa sai tsohuwa ta ce, "Me kika ce masa?" Ga mu mutum biyar har da ni, kowa ya gani, kowa ya fi ƙarfin ya faɗa, don wanda ya faɗa shi ya tona. Tsohuwa kaɗai ba ta gani ba. Ta sauke tabarau kan hanci tana tonon ƙafar ƙaguwa, kuma da ta gama za a miƙe a fita lambu ɗaukar hoto.

A shekara ashirin da shida ban taɓa gudu da doguwar rigar kimono ba sai ranar.

"Gen-san, mun shiga uku. Baƙon ya fito da jajayen."

"Tsohuwa ta gani?"

"Tana kan ƙaguwa."

"Ƙafa nawa ta rage mata?"

"Biyu."

"Tana da haƙuri wajen ci. Muna da ɗan lokaci."

Ya ninke jaridarsa. Ya miƙe ya nufi ban ɗakin mata, ya ɗauko jajayen can, ya zura ƙafarsa. Ya ɗauki masu ruwan ƙasa guda a hannu.

"Me za ka yi?"

"Kuskure."

Na kama hannun rigarsa. "Ka haukace? Yoshiki na ciki."

"Na sani, Fusae. Takalminsa na nan wurina."

Mai tsaron takalma ba ya shiga ɗakin baƙi, ko gobara ake yi daga ƙofa yake faɗa. Gen-san ya ja ƙofa ya shiga, jan silifas na tafi a kan katako. Ya zube a gaban tebur, ya ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba, ya ce su gafarta wa tsoho. Wai yau da safe ya wanke silifas ya rikita su, ya kwashe na baƙi daga bakin ban ɗaki ya bar jajaye, babban baƙo ya fito bai tarar da komai ba sai su. Wai su duba, shi kansa bai san abin da ke ƙafarsa ba. Ya kifa goshi a ƙasa. Da ya kifa, silifas ɗin suka tashi ta bayansa, rubutun ya fuskanci ƙofa, inda ni da masu girki biyu muke leƙe. Na cusa hannun riga a baki, ina dariya hawaye na zuba, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Makiyayin bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya dai ga dattijo a ƙasa, kuma da alama a wurinsu ba a barin dattijo a ƙasa. Ya miƙe ya ɗago shi cak kamar ɗan rago, ya karkaɗe masa gwiwa. Suka tsaya su biyu a tsakiyar ɗaki, ƙato da ɗan tsurut, ƙafa huɗu jajaye.

"Me yake cewa?" tsohuwa ta tambaya, don baƙon ya fara magana.

Yarinyar ta juyo wurin tsohuwa. Ta riga ta gaya wa uban cewa dattijon ya ce shi ya ba shi takalmin da bai dace ba. Ta ce, "Kaka, Baba ya ce a yi haƙuri kar a yi wa dattijon nan faɗa. Ya ce shi ma ya taɓa koro tumakin maƙwabcinsa arba'in har gida, ya ba su ruwa, ya aske uku, kafin ya gane ba nasa ba ne."

Sannan makiyayin ya leƙa 'yar takardarsa, ya sunkuya ya cire jan silifas, ya miƙa wa Gen-san da hannu biyu har da rusunawa, kamar yana ba da kyautar zinare. Gen-san ma ya karɓa da hannu biyu.

Tsohuwa ta dube su ta saman tabarau. Kafaɗarta ta fara motsi. Surukarta, uwar saurayin, ta ce mini daga baya tun rasuwar maigidan ba su ji dariyarta ba sai ranar. Da ta lafa ta ɗauki farantinta, da ƙafar ƙaguwa ɗaya da ta rage, ta tura shi gaban makiyayin. Saurayin ya sake ƙwarewa, wannan karon don murna.

Da za su tafi ina riƙe mata laima a zaure, Gen-san na durƙushe yana gyara mata takalmi. Ta ce a hankali, "Genzo, tun 'ya'yana na ƙanana nake cire takalmi a gabanka."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Ba ka iya ƙarya ba. Rashin sabo ne."

"Tsufa ne, ranki ya daɗe."

"Ni ma tsufar ce ta sa ban ga komai ba tun da ya shigo. Kana tsammanin ƙafar ƙaguwa biyu ke ɗaukar mutum minti goma?"

Motarsu na barin layi Yoshiki ya sauko. Bai yi murna ba, in faɗi gaskiya. Ya ce, "Gen-san, ka tuna maganarmu." Gen-san ya ce ya tuna, a bar shi ya kai ƙarshen shekara.

Na same shi a bayan ɗakin girki yana wanke jajayen nan, na sauke masa duk abin da ke bakina. Na ce yanzun nan zan je in gaya wa Okami-san gaskiya. Ya bar ni na gama, kamar kullum.

"In kin gaya mata, masu girki sun ji. In sun ji, kasuwar kifi ta ji. Yarinyar nan za ta yi shekara hamsin a garin nan ana ce mata 'yar mai jan silifas. Kin san mutanenmu. Ba za su faɗa a gabanta ba, kuma ba za su manta ba."

"To kai fa? Shekara arba'in da uku?"

"Kin ga takalmin baƙon?"

"Ina ruwana da takalminsa."

"Sabo ne, ko takardar shago ba a cire daga ƙasansa ba. Ya yi masa kaɗan da lamba ɗaya. Ciki ta wajen diddige duk jini ne, na jiya da na yau. Mutum ya taho tun daga can a cikin wannan, bai ko ɗingisa ba, don kada 'yarsa ta ji kunya." Ya matse tsumma. "Na ɗan buɗa masa shi da katako suna cin abinci, na sa auduga. Zai kai shi masauki."

Wata biyar na riƙe maganar nan a ciki, ina jin direbobin tasi suna cewa ai Gen-san tsufa ya kama shi, har ya shiga ɗakin baƙi da takalmin ban ɗaki. Shi ma yana ji, yana gyaɗa musu kai. Ba a taɓa ba ni aikin da ya yi mini wuya kamar shirun nan ba.

Tsohuwa ce ta kwance ni. A wurin bikin, da bazara, ta karɓi abin magana ta ba da labarin daga farko har ƙarshe a gaban mutum ɗari, makiyayin na dariya har yana dukan tebur, yana neman a fassara masa wurin da ya fito sau biyu. Amaryar ce ta zo da kanta ta ce in rubuta. Yoshiki ya je har ɗakin Gen-san ya kifa goshi ya roƙe shi ya dawo. Gen-san ya ba shi shayi, ya ce ai shi a gaban baƙi ya ce ya yi kuskure, ba zai dawo ya ƙaryata kansa ba, kuma gwiwa ta gaji. Akwatunan suna nan a zaure suna ƙyalli. A satin farko mabuɗi uku suka ɓata, wani alƙali mai ritaya ya koma gida a tasi da silifas ɗinmu. Masu ruwan ƙasa dai, da sauƙi.

Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba, kuma shi ya fi damuna. Ranar sallamarsa, a ƙarshen shekara, mun rufe gida da rana muka shirya masa abinci a babban ɗaki. A karon farko Gen-san ya shigo ta ƙofar gaba, ya cire takalmi kamar baƙo, ya hau. Ma'aikata na da da na yanzu muka taru, mun kai talatin, masu girki suka kwashe takalman suka jera a kanta. Aka ci, aka yi jawabi, ya gode da jimla ɗaya da rabi. Da ya miƙe zai tafi na ce kowa ya tsaya, yau ni zan fito masa da takalmi. Na riga shi sauka, na durƙusa a gaban kanta, na miƙa hannu.

Ban san wanne ne nasa ba.

Na bi layi na sama, na bi na ƙasa. Mutumin da ya san ina da ciki kafin mijina, wanda ya san ranar da na fara ciwon baya da ranar da na daina kukan mutuwar uwata, duk daga igiyar takalmina. Kullum a gabansa nake wucewa, sau ɗari a yini, ban taɓa duban ƙafarsa ba sai ranar da ya sa jajaye. Jama'a sun cika matakala suna jira. Sai na ji ya tsaya a bayana da faffaɗan bayan nan nasa, ya tare ni daga idonsu, ya fara surutu da ƙarfi kan dusar ƙanƙarar bana. A tsakiyar surutun ya sauke murya.

"Layin ƙasa, na uku daga hagu. Kar ki damu, Fusae, ba aikinki ba ne."

Gen-san, kai ne wanda ya durƙusa a gaban kowa bai ƙasƙanta ba. Kai ne ka ɗumama wa dubban mutane takalmi, kai kuma ka koma gida a keke cikin sanyi. Abu ɗaya ka mallaka, ka ɗauke shi ka ba mutumin da ko sunansa ba ka iya faɗa ba, kuma ba ka tsaya tunani fiye da tsawon cin ƙafar ƙaguwa ba. Na gode maka da babban farantin da ka hana ni ɗauka. Na gode da safar malam, da bargo ɗaya, da laimar ranar da babu ruwa. Ka yafe mini faɗan shekara goma sha uku, sauran sha ukun kai ma kana da laifi.

Ku kuma masu zuwa garinmu, ku zo, ku ga lambu, ku ci ƙaguwa, ku bar jan silifas a inda kuka same shi. In kun manta kun fito da shi ba za a mutu ba. Mu kuma 'yan gari, da muka ƙware a ganin kuskuren baƙo mu yi shiru muna ajiyewa, mu koyi tsayawa tsakani kamar yadda ya yi. Kuma duk wanda ya sunkuya yana yi muku hidima, ku ɗan dubi ƙasa ku ga abin da ya taka ya zo.

Takalman Gen-san baƙaƙe ne, lamba ashirin da huɗu da rabi. An sake musu ƙasa ya fi sau biyar, hancin na dama ya goge saboda durƙuso. Na juya su suka kalli ƙofa, amma ban sami damar ɗumama su ba, a sanyinsu ya sa ya tafi. Yanzu ko a cikin dubu aka jefa su zan ɗauko.